Ranar da Gwaggo Ta Yi Tayin Likkafaninta

Ni mace ce mai ƙaiƙayin ƙafa. Tun ina budurwa ake faɗa mini haka, ban kuma taɓa musu ba. Shagona na atamfa yana cikin kasuwar Gaya, amma a shekarun da nake ba da labarinsu, in ka zo nemana da wuya ka same ni, sai dai a ce maka na ƙetare gadar kan iyaka. Kwatano, can bakin teku, nake zuwa sarin kaya. In na dawo, kafin in gama kwance ƙunshin da na zo da shi, zuciyata ta riga ta koma tasha. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shi ma ba mazauni ba, har maƙwabta suna mana tsiya wai gidanmu ba gida ba ne, zango ne. Amsata ɗaya ce kullum: zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

A ƙuryar shagon, ƙarƙashin atamfofi masu launi, akwai bandir na alawayyo, wato farin yadin da ake likkafani da shi. Kowane mai shagon yadi yana ajiye shi, ba don riba ba. A kasuwarmu komai sai an yi tayi, ko allura ce. Mai saye ya taya, ka ce albarka, ya yi kamar zai tafi, ka kira shi, a ja a ja kafin a sallama, kuma wanda ya saya bai taya ba ana yi masa kallon baƙo ko wawa. Alawayyon mamaci ne kaɗai ba a tayawa. Mutum zai tsaya bakin shago, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya ce mace ce ko namiji, babba ko yaro. Ka auna, ka faɗi kuɗin gaskiya, ya miƙa, ka yi masa gaisuwa, ya juya. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan, haka na tarar ana yi. Ni dai ba na son cinikin. Ina gama yagewa nake tura bandir ɗin can ciki in rufe shi da wani abu mai fure.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. A ƙauyen Bengu take zaune, tafiyar moto ce, wato babur, daga Gaya. Muruci take sayarwa: ta binne ƙwallon giginya, ya yi tsiro, ta tono, ta dafa, ta kawo kasuwa. Gajeruwa ce, bakinta ya fi jikinta girma. Ɗa ɗaya gare ta, manomin shinkafa, wanda yake taubashina tunda uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Ni da shi ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Shi yana ce mini ɓarauniyar kasuwa, ni ina ce masa mai ƙafar laka. In ya zo saya wa matarsa zane, sai ya ɓata mini rabin yini yana tayi, wai ba zai bari in gina bene da guminsa ba.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, ina tsakiyar ɗaure jakar tafiya, sai ga gwaggo da kwandonta babu komai a ciki. Ta zauna a kan kujerata ba tare da an ce ta zauna ba, ta sha ruwa, ta bi atamfofina da kallo tana taɓe baki, ta ce launin wasu ko aku ba zai sa ba. Sannan ta nuna ƙuryar da haɓa, ta ce in fiddo mata farin nan.

Na saki jakar da nake ɗaurewa. Na tambaye ta wa ya rasu.

"Babu wanda ya rasu," in ji ta. "Na kaina nika nema."

Na ce mata ta bar wannan zance, ta fi ni lafiya. Ta ce lafiya ba ta taɓa hana kowa mutuwa ba. Da na ga da gaske take, sai na ce to ta ɗauka kyauta, ai ni ɗiyarta ce. Nan ta hau ni da faɗa. Ta ce rigar da za ta kwana da ita har tashin ƙiyama ba za ta zama ta roƙo ba, da kuɗin murucinta za ta saya, wanda ta san inda ta durƙusa ta tono shi. Na auna mata abin da ake auna wa mace, na zane da riga da kallabi da na naɗewa, na faɗi kuɗin, irin wanda nake faɗa wa kowa.

Sai gwaggo ta taya. Ta taya ƙasa da rabi.

Na tsaya da almakashi a hannu ina kallonta. Na ce, "Gwaggo, ba a tayin likkafani."

"Matattu na ba su tayi," ta ce. "Ni da raina za ki cuce ni?"

Mai shagon kusa da ni ya leƙo, matar da ke sayar da sabulu ta taso, kafin ka ce kwabo an taru ana dariya. Ta murza yadin tsakanin yatsunta ta ce sitati ne ya yi masa yawa. Ta ɗaga shi ga rana ta ce ana ganin mutum ta ciki. Ta miƙe da kwandonta kamar za ta tafi wani shagon, ni kuma, saboda hannu ya saba, na ji bakina yana cewa ta dawo. Muka ja har na sallama. Da na zo yagewa ta riƙe hannuna ta ce saura gyara. Na ce gyara a likkafani, gero ne? Ta ce in ta ƙara ƙiba kafin ranar fa, a bar ƙafafunta waje? Na ƙara mata taƙi guda, ta ce na yi rowa, na ƙara wani.

Na ɗauka an gama. Mutane sun watse, na ninke mata yadin na sa cikin kwando. Sai ta dubi jakar tafiyata da ke jingine a bango, ta daɗe tana dubanta, ta ce akwai sauran magana. Ta ce ba ta da ɗiya mace sai ni, kuma ba ta son baƙin hannu a jikinta.

"Hannun da na wanke yana ƙarami, shi nika so ya wanke ni."

Na ce to, in sha Allahu, ina duban agogon waya saboda kar ɗina, babbar motar fasinjan da zan shiga, ya kusa tashi. Ta ce in sha Allahuna irin na ƴan kasuwa ne, wanda ake ce wa mai saye in ana so ya tafi. Ta ce in tuna gawa ba ta jiran kar ɗin Kwatano. Gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce. A wajenmu wanda ya cika da safe, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, ni kuwa daga bakin teku zuwa Gaya sai na yini na kwana a hanya. Duk da haka na raka ta bakin kasuwa, na dawo na ɗauki jakata na tafi.

Tun daga wannan tafiyar hanya ta daina yi mini daɗi. Da can, muna ƙetare gada muka wuce garin Malanbil nake jingina kai in yi barci. Yanzu waya tana hannuna, ina duban rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa. A cikin kasuwar Kwatano ina zaɓen kaya, in wayar ta yi ƙara sai in saki kayan in lalubo ta. Na riƙa jin haushin gwaggo. Tsohuwa tana can tana tonon murucinta lafiya lau, ta ɗaure ni da igiyar da ba a gani, ta bar ni ina fama.

A wata tafiyar, muna tsaye a Paraku, can tsakiyar hanya, ana cin abinci, na duba wayata na ga lambar taubashina ta kira ni har ta gaji, lokacin muna inda babu rezo. Na kira, ba ta shiga. Na sake kira, ba ta shiga. Na ajiye kwanon da ke hannuna, na sa aka sauke mini jakata, matan da muke tafiya tare suna cewa in yi haƙuri in ƙara gwadawa, ban saurare su ba. Na shiga motar da ke komawa arewa. Duk tsawon hanya ina kuka ina lissafin rana, ko an riga an ɗauke ta, ko wace ce ta zuba mata ruwa. Ban tsaya gida ba, daga tasha na hau kabu-kabu sai Bengu. Na tarar da gwaggo a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ashe akuyarta ce ta haifi uku, ta sa ɗanta ya kira ni ya faɗa mini, wayarsa kuma ta mutu babu shaji.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce ta sa na yi asarar tafiya saboda akuya. Taubashina yana riƙe da ciki yana dariya, yana cewa yau ɓarauniya ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni, da a ce da gaske ne, da na iske ta? Na san da ban iske ko ƙurar masu komowa daga maƙabarta ba. Ta ƙara tambayata, da ma na iske ta, na iya wankan? Ban iya ba. Shekaruna sun haura arba'in, na san kuɗin fiton kowane irin yadi a duwan, wato kwastan, amma ban taɓa shiga ɗakin da ake wanka ba. Kullum ina waje cikin masu gaisuwa, a kusa da ƙofa, inda zan iya zamewa in koma shago.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ake kira duk lokacin da mace ta rasu. Na same ta na ce ina so in koya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi zobbaina, ta ce in an kira ta za ta aiko, amma in sani wannan aikin ba ya da ranar kasuwa. Haka na fara binta. Da farko ruwa kawai nake miƙawa. Na koyi yadda ake dama ganyen magarya, da yadda ake rufe mamaciya da zane a wanke ta ta ƙarƙashinsa, a fara da alwala, a fara da dama, a sa kafur a ruwan ƙarshe. Na koyi ɗinkin likkafani da zaren da aka zaro daga jikin yadin. Ta koya mini kuma cewa abin da mai wanka ta gani a ɗakin, a ɗakin yake zama. Don haka ba zan faɗi abin da na gani ba. Abin da na ji da kunnena kawai zan faɗa, shi ma na rana ɗaya.

Wata Hajiya ce ta rasu, babbar ƴar kasuwa, wadda duk mu masu atamfa muke bin bayanta. Ita na ɗauka madubi tun ina ƙarama a harkar. In ta kawo sabon yayi, kafin mu samu irinsa ta riga ta sayar ta koma. Na sha kwana ina ƙulla yadda zan wuce ta. Ciwon kwana biyu ta yi. Muna cikin ɗakinta, akwatuna jere har kusa da rufi, an cire mata ƴan kunne da warwaro an zuba a faranti, sai waya ta fara ƙara a ƙarƙashin matashin kai. Babu wanda ya tuna da ita cikin rikicin rasuwa. Hannuwanmu a jiƙe, ba dama mu taɓa. Ta yi ƙara ta tsaya, ta sake. Daga baya wata ɗiyarta ta shigo ta ɗauka, cikin ruɗewa ta danna inda kowa ke ji, muryar wani mutum ta cika ɗakin yana cewa a gaya wa Hajiya kaya sun iso gada, ta yi maza ta turo wanda zai fito da su kafin layi ya yi tsawo.

Tsohuwar ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce mini in zuba ruwa.

Na zuba. Wannan muryar na san ta, ni ma mutumin yana kirana. Na ga wayata a ƙarƙashin nawa matashin tana ƙara, na ga kayana a bakin gada, na tambayi kaina wa zai tsaya a kaina a ranar, kuma me zai tuna da ni ban da cewa kullum ina hanya. Alawayyon da muka naɗe Hajiya da shi daga shagona aka saye shi da safen nan, daga bandir ɗin da na yagar wa gwaggo. Ko gyara ba a ƙara mata ba, don ba wanda ya nema.

Ba zan ce daga ranar na zama waliyyiya ba. Na koma shago, na ci gaba da son riba kamar yadda nake sonta, har yau ma ina sonta. Abin da na yi ɗaya ne: na daina ƙetare gada da kwana. Na samu wata abokiyar tafiya na riƙa ba ta saƙo tana saro mini, tana cin nata a kai. Idonta ba irin nawa ba ne. Ta kan kawo mini launin da ko ni ba zan sa ba, sai in tuna da akun gwaggo. Matan da suka saba zuwa wurina neman sabon yayi suka fara wucewa ta gaban shagona suna gaishe ni daga nesa. Benen da na fara ɗorawa a gidanmu ya tsaya a inda yake, ƙarafa a tsaye suna tsatsa. Maigidana bai hana ni ba, amma ya ce bai taɓa ganin wanda ya ajiye sana'a yana jiran mutuwar mai lafiya ba.

Ranar da kar ke tashi ita ce mafi wuya. Ina jin ƙahonsa daga shago. Sai in tashi in sake jera kayan da na jera jiya, in share inda na share, in yi faɗa da mai shagon kusa a kan ruwan da ya zubar. In abin ya ishe ni sai in rufe shagon in hau moto in tafi Bengu, don ƙafar dai ta samu inda za ta je. Gwaggo tana ganina take cewa, "An zo duba ko na mutu? Koma, da saura." In zauna kusa da ita ina tsaki, tana ba ni muruci ina ɓarewa. Ban iya zama ba, ita ma ta sani. In na fara kaɗa ƙafa sai ta ɗora mini kwando a cinya.

A irin wannan zaman ne na ji abubuwan da ban taɓa tambaya ba. Ta ba ni labarin mahaifiyata, yadda take dariya tana rufe baki da gefen mayafi, da yadda ita ma ba ta iya zama wuri ɗaya. Ni da na yi zaton ƙaiƙayin ƙafata nawa ne ni kaɗai. Ta nuna mini giginyar da ubana ya faɗo daga kai yana yaro. Wata rana ta sa na tsefe mata kai na yi mata kitso, na ga yadda gashin ya zama kaɗan, na ji tausayi ya kama ni, ita kuwa tana ta mita wai hannuna ya yi nauyi. Na yi shekaru ina aika mata turamen atamfa da salla ina ganin na biya. Na same su a cikin akwatinta, yawancinsu ko warwarewa ba ta yi ba.

Likkafanin nan kuwa bai zauna ba. Bayan damina ta shigo shagona ta ce in fiddo farin. Na ce ina wancan? Ta ce wata maƙwabciyarta ta rasu wurin haihuwa, mijin ba ya da ko na sabulu, ga Gaya da nisa, ga rana tana yi. Ta buɗe akwati ta ba su. Muka sake tayi daga farko, da murza yadi, da tashi kamar za ta tafi, da gyara. Bayan wasu watanni ta sake dawowa, wannan karon wata baƙuwa ce ƴar ci-rani da ta rasu ba dangi. Mutanen Bengu suka gane akwai likkafani a akwatin gwaggo, ita kuma ba ta iya cewa babu. Na ce mata ta zama dillaliyar lahira. Ta ce ni ce dai ke cin riba, don haka in rufe baki in auna. Da ƙafafunta suka fara ciwo ta daina zuwa kasuwa, sai ta riƙa turo taubashina da kuɗin murucin a ƙulle cikin tsumma, da umarnin kada ya yarda in cuce shi. Shi kuwa abin nema ya samu. Ya fi ta ja, ya fi ta zagi, har sai na kore shi da muciyar mai abincin kusa.

Na fara tunanin tsohuwar nan sai ta binne mu duka. Har na soma yi wa kaina lissafin komawa hanya, ko da sau ɗaya ne kafin salla, in saro kayan da idona ya gani. Na fiddo jakar na kakkaɓe ta. Na mayar. Na sake fiddowa. Ta yi kwanaki a jingine a bangon shago, a daidai inda gwaggo ta taɓa dubanta, ban tafi ba, ban kuma mayar da ita gida ba.

Da safe ne, ban daɗe da buɗe shago ba, na ji tsayuwar moto. Taubashina ne, ƙafafunsa da laka kamar daga fadama ya taso. Ya tsaya bakin shago bai shigo ba. Ya ce in auna masa farin yadi, na mace.

Na yi dariya. Na ce wato dillaliya ta sake kyauta da kayanta. Na jawo bandir ɗin ina ce masa mai ƙafar laka, yau sai ya sayar da gonarsa. Don in tsokane shi na faɗi kuɗin da ya ninka na gaskiya har ya wuce, kuɗin da ko leshi ba a saya haka. Na gyara tsayuwa ina jiran zagi.

Sai ya sa hannu a aljihu.

Ya fiddo tsumman gwaggo, ya ga ba zai kai ba, ya fara lalube ɗaya aljihun yana neman ciko. Bai ɗago ya dube ni ba. Na tsaya ina kallon hannunsa yana lalube, kasuwa tana ta hayaniya a bayansa. Na ce masa ya taya mana. Na ce, don Allah ka taya.

"Bayan asuba ta cika," in ji shi. "Na kasa hwaɗa miki a waya. Wancan likkafanin ta ba da shi makon jiya."

Na karɓi tsumman kawai, na tura masa sauran. Ban kwance shi ba. Na auna na zane da riga da kallabi da na naɗewa, na kai almakashi, sai na tsaya. Na ƙara taƙi guda. Na ji kamar ana ce mini na yi rowa, na ƙara wani, sannan na yage. Ko rufe shagon ban yi ba, mai shagon kusa na bar wa. Na hau bayan moto da yadin a ƙirjina, muka kama hanyar Bengu.

Gidan ya cika. Maza sun riga sun tafi haƙa kabari. Mata suna zaune a tsakar gida, an ɗora ruwa, an daka magarya, komai yana nan a ajiye a ƙofar ɗakinta, amma ƙofar a saye take ba wadda ta shiga. Wata tsohuwa ƙawarta ta taso ta kama hannuna. Ta ce wasu sun so a fara saboda rana, ita ta hana, don jiya da yamma gwaggo ta sake ja mata kunne.

"Ta ce kada kowa ya taɓa ta. Ta ce ɗiyarta tana nan Gaya, ba ta tahi ko'ina ba."

Na cire zobbaina na ba ta ta riƙe mini. Na naɗe hannun riga, na taɓa ruwan na ji ya yi zafi, gwaggo kuwa ba ta son ruwa mai zafi, na sa aka sirka. Sannan na yi bisimilla na tura ƙofar.